Tudun da Ba Shi da Maƙabarta

Zuwa ga babban jami'in gwamnati mai kula da sha'anin gidaje, wanda mu mutanen bakin gulbi muka sani tun yana saurayi da sunan Malam Mai Rariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki ƙarƙashinka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Sunana Kulu. Ina zaune a gidajen da ka gina wa masunta a kan tudu, a ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Benin. Ba za ka tuna fuskata ba, don duk zuwan da ka yi mana ina cikin taron mata, kuma ni ba mai magana a taro ba ce. Karatuna kaɗan ne. A makarantar matan aure na koyi rubutun boko, wadda aka buɗe mana shekarar da aka fara shari'ar Musulunci. In ka ga kuskure a takardar nan ka yafe mini, hannuna ne, ban ba kowa ya gyara ba.

Bari in fara da ranar da na gane abin da ya same mu.

Ranar wata Alhamis ce, a tsakiyar daminar bara. Mai gidana ya cika da safe. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, maza suka ɗauke shi suka fita. Ni ina ɗaka, mata sun kewaye ni. Na ji kabbarorin salla daga ƙofar masallaci, na ji liman ya sallame. Sai na kasa kunne in ji inda sawun jama'a zai nufa, don mace ba ta raka gawa, kunnenta ne kawai ke rakiya. Na zaci arewa za su yi, hanyar garin maƙwabtanmu manoma, inda na san ana kai mamatanmu tun da muka tare a tudu. Sai na ji sun gangara. Can na ji an ja injin jirgin ruwa, ya ƙi tashi, aka sake ja, ya tashi. Na san muryar injin nan ko cikin injuna ɗari. Namu ne. Kullum sai an ja shi sau biyu.

Na dubi Hassi, matar ƙanen mai gidana, na ce ina za su da shi a jirgi? Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, fadama ta cika, ba mai ƙetare ta da makara. Tsohuwar tunga za su kai shi. Ina kuma muke da shi in ba can ba?"

A nan na gane. An ɗauke mu daga bakin ruwa muna da rai, amma in muka mutu ruwan ake mayar wa da mu. Garin da ka gina mana yana da komai, ban da wurin rufe gawa.

Ban rubuto don in ɓata maka suna ba. Da zan ɓoye alherinka Allah ba zai bar ni ba. Shi ya sa zan jera maganata daki-daki, in fara da abin da ya fi yawa, wato alheri.

Na ɗaya, game da zamanka na malamin lafiya.

Ina amarya ka fara zuwa tungarmu. Lokacin kurkunu ya hana mutane sakat. Da an fara noman shinkafa a fadama, mutane na shan ruwan tafki, sai ka ga magidanci ƙato yana jan gindi da ƙafa kumbure, ana naɗe masa tsutsa a jikin tsinke. Surukata ta yi damina guda ba ta taka ba. Sai ga ka a jirgin kasuwa, siriri, da wando mai kari, ka naɗe ƙafarsa har gwiwa, kana riƙe da takalminka a hannu, kana amai saboda ba ka saba da ruwa ba. Yara suka yi ta dariya. Ka zo da farin ƙyalle mai yawa, ka tara mu ka ce kowace mace ta ɗaure shi a bakin randa ta riƙa tace ruwa. Wata tsohuwa ta ce, "Wannan yaro ruwa zai koya mana tankaɗewa? To sannu Mai Rariya." Sunan ya bi ka ke nan. Ba ka yi fushi ba. Da ka dawo karo na biyu ma da kanka ka tsaya a bakin gaɓa ka ɗaga murya ka ce, "Ku gaya wa mata Mai Rariya ya iso."

Na san da yawa cikinmu sun yi wa jarirai riga da ƙyallen farko, don fari ne mai laushi. Ka gani, ka yi dariya, ka kawo wani. Wannan karon ka bi gida-gida kana leƙa randa. Yau jikokina ba su san kurkunu ba sai a baki. Kafin kakansu ya rasu, in na nuna musu tabon da ke ƙafarsa sai su ce ƙugiya ce ta kama shi.

Bayan nan aka ɗauke ka, muka daina ganinka, sai dai mu ji a rediyo an ƙara maka girma. Mai gidana in ya ji an ambace ka sai ya ƙara murya ya ce, "Ku yi shiru, ana maganar mutuminmu." Da aka fara shari'a ka dawo, lokacin ka zama babba a sha'anin lafiya, ka yi ƙiba, da hula da babbar riga, amma ka sake cire takalmi ka shiga jirgi. Ka tarar maza ba sa barin matansu su je wurin malamin asibiti namiji. Ba ka tsaya gardama da su ba. Ka aiko mana da mace, ungozoma mai karatu, kuma ka sa aka gina mata ɗakin kwana jikin ɗakin shan magani, don ka ce in ba ta da wurin kwana ba za ta zauna ba. Ta zauna. A hannunta 'yata ta haihu haihuwar da ta zo da gardama, kuma da uwar da ɗan duk suna nan.

Na biyu, game da gidaje.

Shekarar da gulbi ya yi babbar cika, tungarmu ta nutse. Ɗakunanmu na laka suka narke muna kallo daga cikin jirage. Muka zauna a azuzuwan wata makarantar firamare, an raba mu da tabarmi, har ruwa ya janye. Wasu suka tsallaka Benin wurin dangi, don yawancinmu muna da 'yan uwa can. Ni kaina mahaifiyata 'yar ƙabilar Dendi ce daga tsallake. A lokacin muka ji an mayar da kai sha'anin gidaje. Wasu suka ce an rage maka matsayi, me ya haɗa mai allura da bulo? Da ka zo ka ce mana kai ka nema, don yawancin ciwon da ka yi shekaru kana magani daga ɗakin kwana da randa da bayan gida yake fitowa.

Ranka ya daɗe, gidan da nake ciki yanzu ban taɓa mafarkin irinsa ba. Bulo ne da kwano. In ana ruwa ina zaune ina jinsa a kan rufi, ba na tashi neman kwanon tarar ɗigo. Akwai bayan gida a cikin gida. Akwai famfo a tsakiyar unguwa. Katangar ta yi tsawon da za mu yi daka da wanki ba mai ganinmu. An mayar da ɗakin shan magani nan tudu, da ungozomarmu. Daga ƙofar gidana ina hango gulbi can ƙasa yana walƙiya, yana cika yana janyewa, ba ruwana da shi. Da yamma iska na zuwa daga fadama da ƙamshin shinkafa. Na dasa zogale da lalle a bayan ɗaki, sun kama. A tsohuwar tunga ban taɓa dasa abin da ya ga damina biyu ba.

Mai gidana ma a kan gado ya cika, a ɗakin shan magani da ka gina, da magani a jikinsa, da 'ya'yansa a gefensa, da kalmar shahada a bakinsa. Hawan jini ne ya kayar da shi yana gyaran komarsa ta kamun kifi a inuwa. Bai wahala ba. Ba ni da ƙorafi a kan mutuwarsa ko kaɗan. Kwanansa ne ya ƙare, kuma ya yi ƙarshe mai kyau. Na gode wa Allah, na gode maka.

Na uku, yadda aka yi aka manta.

Wannan shi ne abin da nake ganin ba ka sani ba, kuma ba mai gaya maka in ba ni ba, don maza kunya suke ji.

Kafin a fara gini ka zo da ma'aikatanka, ka zauna a tabarma gindin tsamiyar makarantar nan, ka ce kowa ya faɗi abin da gari ke bukata, kada a bar komai. Ka aiko mana da ma'aikaciya mace ta zauna da mu daban. Mu mata muka ce wurin bandar kifi, don in ba banda ba mu da sana'a, kuma zanen garin na farko bai da shi. Ka sa aka canza zanen. Maza suka ce masallaci, da hanyar gangarawa mashigar jirage, da filin shanya taru. Duk an yi.

A wurin taron maza akwai wani tsoho, Baba Ɗangwaggo. Shi ke haƙa mana kabari tun ina yarinya, ya gada daga ubansa. Da aka kusa tashi sai ya miƙe daga can baya, ya ce, "Ranka shi daɗe, to in mun mutu fa?" Na kusa da shi suka ja masa riga. Sarkin ruwanmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, ya waiwaya ya ce, "Haba Baba, ana zancen tarewa kai kana zancen likkafani? Zauna mana." Kai kana gaba, ga hayaniya, ka ce me Baba ya ce? Sai aka ce maka, "Addu'a yake yi maka, ranka shi daɗe." Ka ɗaga hannu ka ce amin, na gode Baba. Aka shafa fatiha aka tashi.

Ba mugunta ta sa suka yi haka ba. A wurinmu ba a ambaton kabari a kan sabon gida, kamar yadda ba a ambaton nutsewa in ana sa sabon jirgi a ruwa. Ga kuma baƙo mai daraja ya zo da alheri, sai a ga rashin ladabi ne a tare shi da zancen mutuwa. Malamai sun sha gaya mana wannan camfi ne, ambaton mutuwa ba ya kawo ta. Mun ji, amma baki bai saba ba. Kowa ya ɗauka in an tare za a samu wuri, don a tunga ba wanda ya taɓa neman izinin kabari. Daji na nan, a zaɓi gefe a haƙa. Ba mu san garin gwamnati ba haka yake ba. Ba mu san abin da ba a faɗa ba a ranar nan ba zai shiga zane ba.

Mai gidana ne ya ba ni labarin nan tun a lokacin, yana dariya, yana kwaikwayon muryar Baba. Shi da Baba abokan wasa ne, in sun haɗu sai ya ce masa, "Baba, har yanzu ba ka samu aiki a kaina ba." Baba ya ce, "Ina nan ina wasa diga, ɗan banza."

Na huɗu, halin da tsohuwar maƙabarta ke ciki.

Tun da muka tare, maƙwabtanmu manoma suke karɓar mamatanmu. Allah ya saka musu da alheri, ba su taɓa nuna mana fuska ba. Amma tsakaninmu da su akwai fadama. Da rani ana bi a ƙafa. Da damina ruwanta ya fi ƙarfin mai tafiya da makara, kuma ciyawa da taɓo sun hana jirgi wucewa. In mutum ya mutu a watannin nan, ba inda za a kai shi sai tsohuwar maƙabartarmu, wadda ke kan ɗan tsibirin da ya rage na tsohuwar tunga.

Arzika, ƙanen mai gidana, bai so ya gaya mini yadda aka yi ba. Sai da na fita takaba na matsa masa. Ya ce sun ɗora makara a tsakiyar jirgi, ɗana na fari ya riƙe inji, sauran jama'a suka bi a nasu jiragen. Da suka isa, Baba Ɗangwaggo ya zaɓi wurin da ya fi tudu ya fara haƙa. Tun bai kai ƙugu ba ruwa ya fara tsattsafowa. Yana haƙa ana kwashe ruwa da ƙwaryar da ake kwalfe jirgi da ita. Suka shimfiɗa itace da ganye a ƙasa don kada likkafani ya jiƙe. Arzika ya ce Baba ne ya tsaya a kan aikin har aka gama. Da aka mayar da ƙasa sai ya zauna a gefen kabarin, ya ce, "Ka ga dai na samu aikin, amma ba irin wurin da na so in yi maka ba ke nan." Arzika ya ce bai taɓa ganin hawayen tsohon nan ba sai ranar.

Na san ƙasa duk ta Allah ce. Na san abin da mutum ya aikata shi ke kwana da shi, ba busasshiyar ƙasa ko jiƙaƙƙiya ba. Liman ya gaya mini haka kuma na yarda. Da jiƙa ce kawai da ban rubuto ba.

Abin da ya hana ni shiru shi ne gulbi na cin tsibirin. Kowace damina gaɓa na zaftarewa. Layin kaburburan da ke bakin ruwa ya tafi tun shekarar babbar cika, a ciki har da na mahaifina da na 'yata ta biyu da ta rasu tana goye. Waɗannan na haƙura da su, don lokacin ba mu da yadda za mu yi. Masunta sun ce bara ma gaɓa ta sake karyewa, har sun tattara abin da ya fito suka sake rufewa da hannunsu. Ba zan faɗi fiye da haka ba, ka gane. Akwai wata bishiyar giyayya da ke tsakanin ruwa da inda aka sa mai gidana. Duk wanda ya dawo daga su ta wajen, tambayar da nake yi masa ke nan, giyayyar na tsaye? Da rani suna cewa tana nan. Yanzu sun fara cewa saiwarta ta fito waje.

Mutumin nan ya yi rayuwarsa duk a kan ruwa. Ya tsamo waɗanda suka nutse da yawa, rayayyu da matattu, namu da na tsallake, don in jirgi ya kife ba a tambayar ɗan wace ƙasa ne. Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne ya ga gawar Musulmi a ruwa. Ranar da muka tare a tudu ya tsaya a tsakar gida ya buga ƙafarsa a ƙasa ya ce, "Kulu, ji nan. Nan gulbi bai isa ba." Ban taɓa kiran sunansa ba tun da aka kawo ni gidansa, kuma ba zan fara a takarda ba. Amma ina so ka san ba ƙaramin mutum ba ne a wurinmu.

Na biyar, inda muka nema.

Liman ya ce addini ya yarda a ɗauke mamaci a canza masa wuri in ruwa zai cinye kabarinsa. Amma ya ce a yi sau ɗaya, a kai shi inda zai tabbata, ba a riƙa yawo da shi ba. Maƙabartar maƙwabtanmu ƙarama ce, gonaki sun matse ta, ba za mu ɗora musu tsofaffin mamatanmu a kan sababbi ba. Kawunnaina na Benin da suka zo gaisuwa sun ce a kai shi wurinsu, suna da tudu. Na gode musu. Amma 'ya'yansa na so ya kasance inda za su riƙa ziyara ranar Juma'a ba sai sun tsallaka iyaka ba. Kuma in an kai shi can, sauran fa? Wanda zai mutu bana fa?

Ranka ya daɗe, wurin yana nan, kuma ka san shi. Gabas da gidajenmu akwai fako, ƙasa ce mai tsakuwa, ba abin da ke fitowa sai sabara da geza. Ba gonar kowa ba ce. Burtalin Fulani ya bi ta can bayansa, bai taɓa shi ba, kuma Arɗon wurin ya ce shi ba shi da magana. Awakinmu ne kawai ke yini a ciki. Amma yana cikin turakun simintin da ma'aikatanka suka kafa, an ce an ajiye shi don gidajen da za a ƙara nan gaba.

Arzika da dattawa sun je wurin mai gari. Ya ce da nasa ne da ya ba su tun kafin su zauna, amma abin da ke cikin turaku ya fita hannunsa. Suka je wurin uban ƙasa, ya karɓe su da mutunci, ya faɗi haka shi ma. Suka je Bagudo, aka ce musu ofishinka ne kaɗai ke da iko da filin. Daga nan ƙafarsu ta tsaya. Masunci ya san hanyar kasuwar Lolo da ta Kamba, amma bai san ƙofar da ake bi a ga babban jami'i ba. Kuma har yanzu, in an ce wa zai buɗe baki ya ce wa Mai Rariya kabari muka zo roƙo, sai kowa ya dubi ƙasa.

Samari sun ce a je kawai a haƙa, wa zai hana? Liman ya hana. Ya ce ba za a sa mamaci a wurin da gobe za a iya zuwa da mota a baje a yi gini a kansa ba. In ba a ba mu da baki da takarda ba, kada a taɓa. Ina ganin ya yi gaskiya.

Sai ga shi kwanan baya na ji a rediyo an ce za ka ajiye aiki bana, shekarunka sun cika. Aka yi ta lissafa wuraren da ka yi aiki da abubuwan da ka gina. Na ji daɗi, na ce ai ba su faɗi rabi ba, ba su san zancen rariya ba. Amma gabana ya faɗi. Wanda zai gaje ka, ko mutumin kirki ne, bai taɓa cire takalmi ya shiga jirginmu ba. A wurinsa fakon nan zane ne a takarda. Shi ya sa na ce tunda maza sun kasa faɗa, ni zan faɗa, kuma a fili, don ko takardar ba ta kai teburinka ba wani da ya ji ya gaya maka. Ni ba sabon gida zan shiga ba balle a ce na yi mugun baki. Mijina na riga na rasa.

Ga roƙona.

Na farko, ka yanka mana gefe ɗaya na fakon, na can ƙarshe wajen geza, ka rubuta cewa maƙabarta ce, ka sa hannu kafin ka miƙa ofis. Ba mu ce duka ba. Sauran ya isa a yi gidaje in lokacinsu ya zo, kuma waɗanda za su shiga gidajen su ma wata rana za su bukaci wurin.

Na biyu, ka aiko wanda zai nuna mana iyakarsa a gaban mai gari da liman da Arɗo, don kada a yi rigima bayanmu. Shinge kuwa kada ka damu da shi. Samarinmu za su kafa, mu mata za mu dasa aduruku da bini-da-zugu.

Na uku, in hali ya yi, malamin lafiya ɗaya ya kasance a wurin ranar da za a ɗauko na tsibiri, ya nuna yadda za a yi ba tare da wani ya cutu ba. Kai ka fi kowa sanin wannan. Jirage da masu aiki muna da su.

Na huɗu ba nawa ba ne. Na ji ana gina wa wasu mutanen bakin gulbi gidaje irin namu. Ka gaya wa ma'aikatanka kada su jira a roƙa. Mutanenmu za su ce masallaci, za su ce famfo, amma wannan ba za su faɗa ba. A sa shi a zane tun farko, a yi musu shiru da shi.

Baba Ɗangwaggo yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai, tun daga kabarin mai gidana ya daina haƙa sai dai ya zauna yana nuna wa samari. Da Hassi ta gaya masa ina rubuta maka takarda, ya dogara sandarsa ya zo har zaurenmu. Ya ce in gaishe ka. Ya ce in gaya maka ranar nan ba addu'a yake yi ba, tambaya ce, amma tun daga ranar yake yi maka addu'ar don kada a ce an yi maka ƙarya. Ya ce kuma, "Ki ce mishi ya yi sauri, ni na riga na zaɓi wurina gindin geza, kuma ban iya iyo ba." Mutumin da aka haifa a tunga, wai bai iya iyo ba. Muka yi dariya har da ni. Rabona da irin wannan dariyar tun bara.

Ranka ya daɗe, ina zaune lafiya. 'Ya'yana na kula da ni, ina bandar kifina, ina zuwa makaranta ranar Asabar da Lahadi, jikoki na cika mini tsakar gida. Ba na kwana da yunwa, ba na kwana da tsoron ruwa. Rabin wannan daga Allah ta hannunka ya zo. Allah ya saka maka da alheri. Allah ya sa ka gama aikinka lafiya kamar yadda ka fara shi. Allah ya jiƙan mahaifanka, ya shirya maka zuriya, ya ba ka hutu mai albarka. Yadda ka rufa mana asiri muna raye, Allah ya rufa maka naka duniya da lahira, ya sa ranar da taka ta zo, bayan shekaru masu yawa, a kwantar da kai a busasshiyar ƙasa kusa da naka.

An fara shuka. Masunta sun ce ruwan gulbi ya canza launi, ya fara hawa. Mai gidana yana can tsibiri bayan giyayya, fako yana nan gabas da ɗakina ba kowa a cikinsa, kuma har yau ba a ba mu wurin ba.

Wassalam.

Ni ce,
Kulu, daga gidajen masunta na kan tudu, ƙasar Bagudo.